Tarihin Dokta Monroe Wall, wanda ya tsamo maganin ciwon daji daga ɓawon icce

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon dajin hanyar abinci, wato wannan bututu da ke tashi daga maƙoshi ya sauka cikin tumbi, ba ya manta yadda abin yake tafiya. Da fari tsokar nama ce ke tsaya ma mutum a ƙirji, ya kora da ruwa ya ce ba komi. Bayan ƴan watanni tuwo ya gagara, a koma ga fura da kunu, daga baya kunun ma sai an tsinka shi kamar ruwa, mutum yana ramewa ana kallo. A irin wannan lokaci ne dangi ke bazama kasuwa neman saiwa da sassaƙe, ga kuma wayar salula ta zo da nata, kullum ana turo labarin cewa masana sun gano ganye kaza ko kurkum yana kashe ƙwayoyin wannan ciwo a ɗakin bincike. Sau da yawa labarin ba ƙarya ba ne. Sai dai tsakanin kashe ƙwayar ciwo cikin kwalba da warkar da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, kuma rayuwar wani Ba'amurke mai suna Monroe Wall ta isa ta nuna mana tsawon wannan tafiya, domin shi ya yi ta har sau biyu.

An haifi Monroe Eliot Wall a ranar 25 ga watan Yuli na 1916 a birnin Newark, cikin jihar New Jersey ta Amurka. Ya yi karatunsa a jami'ar Rutgers ta wannan jiha, inda ya samu digirin dokta a 1939 a fannin sinadaran tsirrai da noma. Ke nan ba likita ba ne, bai taɓa duba maras lafiya ba, kuma farkon aikinsa ba shi da wata dangantaka da ciwon daji. A 1941 ya shiga aiki a wata cibiyar bincike ta ma'aikatar noma ta Amurka da ke kusa da Filadelfiya, ya zauna a can kusan shekara 20.

Abin da ya sa shi cikin harkar ganye da ɓawo shi ne maganin da ake kira kortizon. A 1949 likitoci suka ba da labarin yadda wannan magani ya tada masu ciwon gaɓɓai da suka daɗe kwance, duniya ta ɗauka. To amma a lokacin daga matsarmamar shanu ake haɗa shi, da wuya da tsada. Gwamnati ta ɗora ma Wall nauyin neman tsiron da za a samu tushen maganin a cikinsa. Masana tsirrai suka dinga aiko ma shi da samfura daga ko'ina, shi da mutanensa suna jiƙawa cikin barasar ɗakin bincike suna tacewa suna aunawa, har dubbai. Wata ɗabi'a tashi ce ta yi rana a nan: idan an auna ruwan tsiro ba a samu abin da ake nema ba, ba ya bari a zubar, sai a rufe a rubuta suna a ajiye.

A 1957 wani masani daga cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar Amurka, Jonathan Hartwell, ya kawo ma shi ziyara. Shi wannan Hartwell mutum ne mai girmama sanin mutanen da, ya share shekaru yana tattara sunayen tsirran da al'ummomin duniya suka yi amfani da su a kan ƙari da kumburi, har ya tara sama da 3,000. Ya roƙi Wall ya ba shi kwalabe 1,000 daga cikin ajiyarsa a gwada. Shekara na zagayowa sakamako ya fito: a cikin dubun nan guda ɗaya ce ta nuna ƙarfi na a zo a gani. Ruwan wani icce ne na ƙasar Sin da masana ke kira Camptotheca acuminata, wanda Sinawa ke ma laƙabi da iccen farin ciki, an kawo irinsa tun da daɗewa an dasa a wani lambun gwamnati a Chico ta jihar Kalifoniya, ba wanda ya damu da shi.

Wall ya so ya bi sawun abin, amma ma'aikatarsa ta noma ce, ba ta ga dalilin kashe kuɗinta kan ciwon daji ba. Sai ya yi abin da ƙalilan daga cikin ma'aikatan gwamnati za su iya: yana da shekara 44, da girma da albashi tabbatacce, ya ajiye aiki a 1960 ya koma wata sabuwar cibiya a jihar Karolina ta Arewa, Research Triangle Institute, wadda ba ta fi shekara biyu da kafawa ba. Shi ya kafa sashen sinadarai na wurin tun daga tushe. A 1962 wani ɗan ƙasar Indiya, Mansukh Wani, haifaffen Nandurbar wanda ya gama digirinsa na dokta a jami'ar Indiana, ya zo ya same shi. Daga nan suka haɗe, shekara 40 suna aiki tare, har ta kai ba a ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Ya kamata mu tsaya mu bayyana irin aikin, domin a nan gumin yake. Ɓawon icce guda yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai a cakuɗe, kuma ba a san wanne ne ke kashe ƙwayar ciwon ba. Dabarar da Wall ya riƙe, wadda daga baya ta zama hanyar kowa, ita ce a raba ruwan kashi-kashi, a aika kowane kashi a gwada shi kan ƙwayoyin daji ko kan ɓeraye masu ciwon, wanda ya nuna ƙarfi a sake raba shi, a sake gwadawa, sauran a ture gefe. Kamar mace ce ke sheƙe hatsi, ta tankaɗe, ta rairaye, ta sake tankaɗewa, sai dai a nan kowane zagaye na iya cin makonni, musamman idan sai an jira a ga ɓeran zai rayu ko zai mutu. Da haka a 1966 suka fito da sinadari tsantsa daga iccen na Sin, suka bayyana ƙirarsa, suka raɗa ma shi suna kamtotesin.

Murna ta koma ciki. Sinadarin ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka aka sauya shi zuwa wani gishiri mai narkewa domin a iya yin allura da shi. Da aka gwada a kan mutane a farkon shekarun 1970, amfanin kaɗan ne, ɓarnar kuwa mai yawa: zawo mai tsanani, fitsarin jini, jini ya ragu. Aka jingine shi. Sai daga baya aka fahimci cewa wannan sauyi da aka yi ma shi ya buɗe wani zobe a jikin sinadarin wanda shi ne ƙashin bayan aikinsa, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Abin da ya yi ma ɓera aiki ya kasa a jikin mutum, kuma wannan shi ne makomar mafi yawan sinadaran da ake shelar su.

Na biyun ya fi shahara. A watan Agusta na 1962 wani masanin tsirrai na gwamnati, Arthur Barclay, yana yawon tara samfura cikin dazuzzukan jihar Washington a arewa maso yammacin Amurka, ya sassaƙo ɓawon wani icce da ake kira Taxus brevifolia. Ba wani boka ko tsoho ne ya nuna ma shi ba, umarnin da aka ba shi shi ne ya ɗebo duk abin da ya ci karo da shi. Iccen ba ya da wata daraja wurin masu sarar katako, sukan ƙone shi tare da shara, ga shi da jinkirin girma, ga danginsa an san su da dafi tun zamanin da, ganyensu na kashe doki da saniya da mutum. A 1964 gwaji ya nuna ruwan ɓawon na kashe ƙwayoyin daji cikin kwalba. Wall ya nemi a aiko ma shi, ɓawon ya iso hannunsa a watan Satumba na wannan shekara.

Shekara biyu suka yi suna tankaɗe kafin su samu abin tsantsa, kuma abin da ya fito ya isa ya karya zuciya: kilo 12 na busasshen ɓawo ya ba su wajen rabin giram. Wall ya sa ma shi suna taksol. Sannan aka shiga babbar wahala ta gano yadda aka gina shi, domin sinadari ne mai sarƙaƙiya, ƙwayoyin kabon 47 ne a jikinsa, kuma na'urorin lokacin ba su kai na yau ba. Shekaru suka shuɗe ba ci gaba, har Wall da kansa ya gaji ya umarci Wani ya ajiye shi su fuskanci wasu ayyuka da ake jira. Wani ya roƙa a bar shi ya riƙa taɓawa a gefe idan ya samu sarari. A ƙarshe ya tsaga sinadarin gida biyu, aka ɗauki hoton kowane ɓari da haske mai ratsa jiki tare da taimakon Andrew McPhail na jami'ar Duke, aka mayar aka haɗa. A 1971 suka buga sakamakon. Mun kawo wannan ne domin a san babban ma yakan yi kuskure, kuma da yaron aikinsa mai saurin cewa to ne, da labarin ya tsaya nan.

Bayan bugawar sai shiru. Hukuma ba ta ɗoki abin ba, kuma tana da hujja: ba ya narkewa cikin ruwa, samunsa sai an kashe icce, ƙarfinsa kan ɓerayen da ake gwaji da su a lokacin bai wuce na wasu ba. Wall ya yi ta rubuta wasiƙu yana naci. Sai a 1977, bayan an ga aikinsa kan wani nau'in ciwon dajin fata na ɓera, aka yarda a ci gaba da shi. A 1979 wata masaniya a birnin New York, Susan Horwitz, ta gano abin da ya sauya komi, wato yadda yake aiki.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ciwon daji ƙwayoyin jiki ne da suka ƙi tsayawa da rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai ta kafa wasu siraran sanduna a cikinta, su ja kayan gadonta rabi nan rabi can, sannan ta kwance su, kamar ɗan kasuwar ƙauye da ke kafa rumfa da safe ya kwance da marece. Magungunan da aka sani kafin nan, irin waɗanda aka samo daga wata fulawa ta Madagaska, hana kafa rumfar suke yi. Shi taksol akasin haka yake: yana barin a kafa, sai ya ƙulle ta ta ƙi kwantuwa. Ƙwayar ta tsaya cak a tsakiyar rabuwa har ta mutu. Ba a taɓa ganin magani mai irin wannan aiki ba. Shi ma kamtotesin asirinsa ya tonu a 1985 a hannun Leroy Liu da abokan aikinsa. Zaren gado da ke cikin ƙwaya a murɗe yake kamar igiyar kaba, akwai wani sinadarin jiki da ke yanke tufka ɗaya ya warware murɗin ya sake ɗaurewa. Kamtotesin na hana ɗaurewar, zaren ya tsinke. Da aka san haka sai masana suka koma kansa suka gyara shi, aka samu ƴaƴansa biyu, irinotekan da topotekan, waɗanda Amurka ta amince da su a 1996, shekara 30 cif bayan Wall da Wani sun fito da uban.

Taksol ma bai shiga asibiti da sauƙi ba. Da yake ba ya narkewa, sai aka narka shi cikin wani mai da ake haɗawa daga man zurma, wannan zurma dai da muka sani a bayan gidajenmu. Da aka fara gwaji kan mutane wajen 1984, waɗansu jikinsu ya ƙi wannan haɗi, numfashi ya sarƙe, har aka kusa dakatar da komi. Aka gano cewa idan an ba da wasu magunguna tukuna kuma aka sa ruwan ya shiga jijiya sannu a hankali, ana tsira. A 1989 likitocin Johns Hopkins suka ba da rahoto cewa a cikin matan da ciwon dajin ƙwan haihuwa ya gagari sauran magunguna, wajen kashi 30 cikin ɗari ƙarinsu ya ragu. Nan fa aka yi caa a kan iccen. Ana ƙiyasin jinyar mutum guda na cin ɓawon itatuwa uku zuwa shida, waɗanda suka yi shekara ɗari suna girma, kuma iccen da aka feɗe ya mutu ke nan. Masu kare daji suka tashi, masu ciwo suka tashi, har majalisar Amurka ta yi doka ta musamman kan wannan icce a 1992. Mafita ta ɓullo daga Faransa, inda Pierre Potier da mutanensa a Gif-sur-Yvette suka gano cewa ganyen ɗan'uwan iccen na Turai na ɗauke da rabin ginin, ana tsinkar ganye ba a kashe uwa ba, sai a ƙarasa sauran a ɗakin bincike. A kan wannan hanya suka samo wani sabon magani, dosetaksel. Robert Holton na jami'ar jihar Florida ya kyautata hanyar ƙarasawar har ta kai a yi ta a masana'anta.

A ƙarshen Disamba na 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, shekara 30 bayan Barclay ya sa wuƙa a ɓawon. Kamfanin Bristol-Myers Squibb da gwamnati ta damƙa ma aikin ya yi rajistar sunan Taxol ya zama nashi, sauran duniya aka ce ta kira maganin paklitaksel. A shekara ta 2000 cinikinsa ya kai dalar Amurka miliyan 1,600. Wall da Wani ba su da kaso a ciki, domin da kuɗin gwamnati suka yi aikin kuma sun buga ƙirar a fili ba su yi ma ta rajista ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, har sunan da mutum ya raɗa da bakinsa ya zama sai da izini. A ganinmu wannan bai yi kyau ba, ko da doka ta yarda. Abin da suka samu shi ne lambar girma, mafi girmanta ita ce ta Kettering da aka ba su tare a 2000.

Wall bai yi ritaya ba. Ban da waɗannan biyu ya yi aiki mai yawa kan yadda jiki ke sarrafa sinadarin tabar wiwi, kuma ya ci gaba da zuwa ɗakin bincikensa har dab da ƙarshe. Ya mutu ranar 6 ga Yuli na 2002 a Chapel Hill, yana da shekara 85.

Bai ga babban amfanin aikinsa kan ciwon da muka buɗe zance da shi ba. Tun 1994 likitocin cibiyar MD Anderson ta jihar Texas sun nuna cewa paklitaksel na rage ƙarin hanyar abinci a wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada ma, amma hujjar da ta sauya aikin likitoci daga ƙasar Holan ta fito a 2012. An raba marasa lafiya 366 gida biyu. Kashi ɗaya aka yi masu tiyata kai tsaye. Ɗaya kashin aka ba su paklitaksel da wani magani, karboplatin, sau ɗaya a mako har mako biyar, tare da gashin haske, sannan tiyata. Matsakaicin rayuwar ƴan kashin farko wata 24 ne, na biyun kuwa wata 49. A cikin waɗanda aka ba maganin aka yi masu aiki, kashi 29 cikin ɗari da aka duba naman da aka cire ba a tarar da ƙwayar daji mai rai ko ɗaya ba. A lura, maganin bai yi aikin shi kaɗai ba, kuma mutanen da aka gwada ma ciwonsu bai riga ya watsu ba. Wani gwaji na Jamus da aka bayyana a 2024 ya nuna cewa ga nau'in ciwon da ke kama ƙasan bututun kusa da tumbi, wani haɗi na magunguna huɗu ya fi wannan, kuma ɗaya daga cikin huɗun dosetaksel ne, jikan wancan icce.

Ciwon ba ƙarami ba ne: ƙiyasin 2022 ya nuna mutum sama da 500,000 suka kamu a duniya, wajen 445,000 suka mutu, mafi yawa domin ba a gano shi ba sai haɗiya ta gagara. A nahiyarmu ya fi yawa a gabas da kudu, irin su Malawi da Kenya. Taba da giya ne kan gaba wajen jawo shi, kuma a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta sa shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Samarinmu na fada da ke kurɓar shayi daga kan gawayi zuwa baki, a bar kofi ya ɗan huce, ba ya rage ma shi ɗanɗano. A nan Nijar an buɗe sashen gashin haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021, abin da a da sai an ƙetare iyaka.

Ga masu tambaya ko za a iya dafa irin wannan ɓawo a sha, amsar tana cikin lissafin da ya gabata. Abin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, ba ya narkewa cikin ruwa, hanji ba ya ɗaukarsa sosai, dafin da ke tare da shi kuwa yana tsayar da zuciya. Ba raina masu maganin gargajiya muke ba, sabararmu da markenmu da bedinmu sun cancanci a yi masu irin tankaɗen da Wall ya yi. Amma shirin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya gwada ruwan tsirrai wajen 114,000 daga nau'i kusan 15,000, tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980, kuma waɗanda suka kai gadon asibiti ba su cika yatsun hannu ba.

Mansukh Wani ya rayu har watan Afrilu na 2020. Paklitaksel na cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, kuma kamfanoni da dama na yin sa, ciki har da na Indiya. An daina feɗe itatuwan jihar Washington tun shekarun 1990. Wani kaso na maganin daga ganye ake haɗa shi, wani kuma ƙwayoyin iccen ake renon su cikin manyan tukwanen ƙarfe a wata masana'anta kusa da Hamburg ta Jamus, su ne ke tsatso shi.